Kukar Gidanmu a Bayan Shinge: Shekara Tara Babu Yaya Lawal

Kakar bana ta cika shekara tara da rasuwar yayana, Malam Lawal, Allah ya jiƙansa ya kyauta makwancinsa. Tun da ya rasu ban taɓa ɗaukar alƙalami na rubuta komai a kansa ba, ko da yake an sha ce mini in yi. Ba rashin abin faɗi ne ya hana ni ba. Na san halina, idan na fara maganarsa ba na sanin inda zan tsaya, shi kuma mutum ne da ba ya son a yabe shi a bainar jama'a. Amma bana wani abu ya faru a garinmu da ya sa na ga shirun ya isa haka. Abin ya shafi matarsa, Yaya Hajo, da wata kuka guda ɗaya da aka raba ta da ita.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya Lawal malamin firamare ne. Ya yi koyarwa a ƙauyukan Baure har ya yi ritaya, bai taɓa zama hedimasta ba, bai kuma nema ba. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, shi ne babba ni ne auta, tsakaninmu duk mata ne. Garinmu ƙarami ne, yana can gefen Babban Mutum, idan ka miƙe arewa kafin ka gaji za ka ga wayarka ta fara yi maka maraba da Faransanci. Ni aikin malamin dabbobi ya kai ni Katsina tun ina saurayi, can na yi aure na zauna. Shi kuwa ko da wasa aka ce masa ya nemi canjin wurin aiki zuwa birni sai ya ɓata rai.

Abin da ya riƙe shi a gida, bayan iyali, shi ne wani kufai da ke gabas da garin, wanda muke kira Kufan Maƙera. A nan kakanninmu suka zauna kafin rijiyoyinsu su ƙafe su taso su dawo inda muke yanzu. Abin da ya rage a wurin ba shi da yawa a idon mai wucewa: guntayen ganuwa da ruwan sama ya cinye, tulin kashin maƙera, wato baƙin dattin da ke saura idan an narka tama, da bakunan ramukan marina da ƙasa ta cike, sai kuma kukoki manya manya da suka girmi kowa a garin. Tun zamanin En'e hukuma ta sa wurin cikin gandun daji. Ba a noma, ba a gini, amma ana kiwo, ana kuma shiga a fita yadda aka ga dama. A wurinmu wajen kai awaki ne. A wurin Yaya Lawal gari ne sukutum wanda mutanensa suka ɗan fita. Zai kwashi ɗalibansa ya kai su, ya tsaya a kan wani tudu da ni ban ga bambancinsa da sauran tuddai ba, ya ce nan ne ƙofar yamma, nan maƙera suke, can marina take. Har mutanen gari suka laƙaba masa suna Sarkin Kufai, kuma in an kira shi da shi yana amsawa.

Burinsa guda ne, a gyara wurin, a tsare shi, baƙi su riƙa zuwa gani. Yakan ce mutane na zuwa Daura daga nesa su leƙa tsohuwar rijiyar cikin birni, su ɗauki hoto a ƙofar fada, kafin la'asar sun juya, kamar tarihin ƙasar duk a cikin ganuwar birni ya tsaya. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yadda muke cinye wurin da hannunmu. Mai gini zai je ya kankare ƙasar ganuwa ya buga tubali, domin ta fi kowace ƙasa kyau. Masu mota suna kwasar kashin maƙera su cike ramukan hanya. Sai ya hau tsohon babur ɗinsa ya nufi ofisoshi, yau Baure, gobe Daura, jibi Katsina, ya sauka a gidana da ƙura har gira.

Na taɓa ce masa, “Yaya, tsakani da Allah, wa zai baro gidansa ya zo ƙauyenmu kallon kashin ƙarfe?”

Ya ce, “Kai ba ka baro naka gidan ka zo Katsina kallon kashin shanu ba? Har albashi ake ba ka.”

Haka muke da shi. Ban taɓa cin nasara a kansa a baki ba, kuma har ga Allah ban taɓa zaton abin da yake nema zai tabbata ba.

Sai na ɗan yi bayani a kan kukokin nan, domin mai karatu na birni ba lallai ya san yadda abin yake ba. Da kakanninmu suka tashi daga kufan, gidaje suka bari, ba su bar itatuwa ba. Kowace kuka a wurin tana da gidan da ya mallake ta, kuma yaro ƙarami ma zai iya nuna maka ta gidan wane da ta gidan wane. Tamu tana tsaye kusa da ramukan marina, inda aka ce nan ne tsakar gidan kakan kakanmu. Maza ne ke hawa su sassaro rassa, amma ganyen na mata ne, kuma mace ɗaya ce a gida ke da iko da shi. Ita ke cewa lokaci ya yi, ita ke shanyawa a inuwa don kada ya dushe, ita ke dakawa ta tankaɗe ta raba wa wanda ta ga dama. Wannan iko daga uwar miji yake sauka zuwa matar ɗa, kuma ba a ranar da aka kawo amarya ake bayarwa ba. Sai tsohuwa ta zauna da yarinya ta ga kamun ludayinta, ta yarda da ita, sannan wata rana ta kira tsofaffin mata su zama shaida, a je gindin kukar ta ce na ba ki. Haka kakarmu ta ba mahaifiyarmu, Iya, haka Iya ta ba Yaya Hajo.

Ba don tamu ce ba, ganyen kukar nan daban yake. Ba ɗaci, ga yauƙi, ga ƙamshi. Duk ƙarshen damina Yaya Lawal zai tuɓe babbar riga ya rataye, ya taka turakun itace da aka kakkafa a jikinta tun kafin a haife mu, ya hau da adda a kafaɗa. Malamin makaranta guda, da furfurarsa, a can sama kamar ɗan saurayi. Bayan ɗan lokaci sai in ga saƙo ya iso ni a Katsina, ƙunshin garin kuka a leda, ɗan aike ya ce Yaya Hajo ta ce a kai wa mijinta na birni, kada matarsa ta kashe shi da miyar gwangwani. Wasan ƙanin miji da matar wa ne, mun daɗe muna yi, matata ma ta saba.

Ana saura kamar shekara guda ya rasu, yawon ofis ɗinsa ya yi rana. Jami'ai suka zo daga Katsina su ga wurin da idonsu. Ya zaga da su ko'ina, yana gaba suna biye, bakinsa bai huta ba. Da suka dawo aka taru a ƙofar gidan mai gari, maza cike da fili. Na zo gida a lokacin, ina wurin. Babban cikinsu, wani dattijo mai natsuwa, ya ce abin da ke kashe irin wannan aiki shi ne rigimar diyya, saboda haka yana so ya ji daga bakin mutanen gari: akwai mai gona a cikin wurin nan? Akwai mai fili? Akwai wanda zai tashi gobe ya ce ƙasar ubansa ce?

Aka amsa masa baki ɗaya cewa babu. Yaya Lawal ne ya fi kowa ɗaga murya. Ya ce ƙasar hukuma ce tun zamanin En'e, ko taku ɗaya babu mai shi, su zo su yi aikinsu hankali kwance.

Gaskiya ya faɗa, gaskiya kowa ya faɗa. Tambayar ƙasa aka yi, aka ba da amsar ƙasa. A wurinmu itace ba ƙasa ba ne. Mutum yakan sayar da gonarsa ya riƙe ɗorawar da ke cikinta, wanda ya saya ya yi ta nomansa, in kaka ta yi mai ɗorawa ya zo ya kwashi abinsa, babu mai ɗaga wa wani murya. Da haka muka tashi, har ba ma ganin abu ne da ake faɗa. A cikin mazan da suka cika filin nan kusan kowa gidansu na da kuka a kufan, amma ba wanda ya zo masa a rai ya ambata. Matan da ke da iko da ganyen kuwa suna cikin gida, ba a kira su ba, domin maganar ƙasa ba tasu ba ce. Su kuma baƙin, a tasu dokar duk abin da ke tsaye a kan ƙasa na mai ƙasar ne. Suka yi godiya, aka yi addu'a, suka shiga mota. Ranar nan ban taɓa ganin Yaya Lawal cikin farin ciki kamarta ba.

Bai ga an kafa ko ƙarfe ɗaya ba. Ciwo ya kama shi da damina, abu kamar wasa, ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, har muka kai shi asibiti a Daura. Ko a gadon asibiti maganarsa ke nan. Ya ce mini in sun zo ba ya nan, in nuna musu ta inda ganuwar ta juya ta kudu, kada su bi da shinge ta kanta. Ya yi mini wasiyya a kan ɗansa Kabiru da 'yan'uwansa mata, ya ce in riƙe Hajo da mutunci. Kuka ko sau ɗaya bai ambace ta ba, domin a saninsa babu abin da zai taɓa ta. Ya cika ana gab da fara girbin gero. A shekarar Kabiru ne ya hau kukar, uwarsa tana cikin takaba, mata suka kwaso mata ganyen har gida.

Aikin bai zo ba sai bayan wasu shekaru, har mun fid da rai. Da ya zo kuwa ya zo da ƙarfinsa. Aka zagaye kufan da shingen waya, aka sa ƙofar ƙarfe, aka yi rumfa da alluna masu bayani, aka tone bakunan marina suka fito fili. Na je na nuna musu inda ganuwar ta juya, suka kuma kiyaye. Ba zan ɓoye alherin da ya biyo baya ba, don in na ɓoye na ci amanar mamacin. Yau ba mai kankarar ganuwa. Motocin makarantu suna zuwa daga Daura da Katsina, wani lokaci har baƙi daga Nijar da suka shigo ta Kongolam. Samarin da a da ba su da abin yi sai zaman bakin titi yanzu wasu gadi suke, wasu suna zagayawa da baƙi, 'yan acaɓa suna samu, masu fura da nono sun kafa rumfuna a bakin ƙofa. Akwai wani tsohon ɗalibinsa cikin masu zagayawa da baƙi, idan ya tsaya a kan tudun nan ya ce nan ne ƙofar yamma, har karkata kai yake yi irin na malaminsa. Ranar da na fara ganinsa sai da na koma bayan rumfa na share ido.

Kakar farko bayan shinge Kabiru ya saɓa adda ya nufi kufan kamar kullum. Mai gadi ya tare shi. Ɗan garinmu ne, tare suka yi wasan ƙasa, su ma gidansu da kuka a ciki. Ya ce masa kansa a sunkuye doka ta hana, ba a sara, ba a tsinka, ko ganye ɗaya ba ya fita. Turakun ma an zare su, an ce suna cutar da itatuwan. Kabiru ya dawo ya faɗa wa uwarsa. Ta tambaye shi ko ya gaya musu ta gidanmu ce. Ya ce ya gaya musu. Ta ce to, ta ci gaba da tsintar wakenta.

Kowane gida da yadda ya ɗauki abin. Wasu sun dasa sababbi a bayan gida, suna sane da cewa jikokinsu ne za su ci. Wasu sukan tura yara su haura shingen da sassafe. Kabiru ya so ya yi haka, Yaya Hajo ta ce in ya kuskura ba ita ba shi, ba za ta aiki ɗanta ya je ya sato mata kayanta ba. Ta koma sayen kuka a kasuwar Babban Mutum kamar wadda ba ta da gata. Saƙona na Katsina ya yanke. Da na tsokane ta na ce ko an sake ni ne ban sani ba, sai ta ce ba za ta aika wa mutum abin da ita ma ba ta san daga wace bishiya ya fito ba. Ba ta yi dariya ba.

Da farko na ɗauka miya ce damuwarta. Sai da shekaru suka tura na gane ba ita ba ce. Matar Kabiru, Murja, ta daɗe a gidan, ta haifa masa 'ya'ya, yarinya ce mai haƙuri da ladabi, ita ke ɗawainiya da tsohuwar tun da idonta ya fara rauni. Yaya Hajo ta yarda da ita tuntuni, amma ba ta ba ta kukar ba, don ba ta ga yadda za ta ba da abin da ita kanta ba ta isa ta taɓa ba. A garinmu kuwa idan uwar miji ta mutu ba ta miƙa ba, ba mai cewa shinge ne ya hana. Cewa za a yi tsohuwa ta ga wani abu a halin yarinyar, kuma maganar za ta bi ta har tsufanta. Yaya Hajo ta san haka, Murja ta sani, ga shi jiki sai ƙara lalacewa yake. Wata rana ta ce mini, “Auta, ina tsoron in tafi da ita a hannuna.”

Sai ga ni, ni da nake yi masa dariya, na gaji yawon ofis. Duk inda na je amsa ɗaya ce, kuma ba zan ce sun yi ƙarya ba: an tambayi mutanen gari, sun ce ba mai komai a ciki, har marigayin da kake magana a kansa. Wannan ta ƙarshen ita ke kashe mini baki. A irin wannan lokaci nakan tambayi kaina me zai ce da yana raye. Wata rana in ga kamar zai tuɓe riga ya je ya girgiza ƙofar nan har sai an buɗe. Wata rana kuma in tuna yadda yake kallon ramin da masu tubali suka bari a jikin ganuwa, in ce anya ba zai ce a yi haƙuri ba, in an buɗe wa mai adda yau gobe mai diga zai biyo? Na san shi fiye da kowa in ban da matarsa, amma wannan tambaya ta fi ƙarfina.

Bana aka kawo sabon jami'in da ke kula da wurin, wani matashi mutumin Mashi. Ban gama bayani ba ya ce ya gane, su ma suna da ɗorawa a gonar wasu. Ya ce doka ba a hannunsa take ba, amma akwai hanya. Ranar da ɗalibai za su zo, tsohuwa ta shigo ta nuna musu yadda ake tsinkar kuka da yadda ake shanya ta, a matsayin wani ɓangare na tarihin wurin. Ba hawa, ba sara, sai dai a jawo rassan ƙasa da doguwar gora mai ƙugiya. Abin da ta tsinka ta tafi da shi, duk shekara in tana so. Na yi masa godiya har ya ji kunya. Ban tsaya aike ba, na shiga mota na tafi gida da kaina, ina jin na yi abin kai.

Na same ta a tsakar gida a kan tabarma. Na kwashe duka na faɗa mata, har da ƙari. Ta saurare ni har na gama.

Ta ce, “Wato in shiga yara su kalle ni.”

Na ce, “Yaya, ba kallo ba ne, koyarwa ce. Shi ma ai abin da ya yi ke nan duk rayuwarsa.”

Ta ce, “Ba kallon ne ya dame ni ba, Auta, tsohuwa me za a gani a jikinta? Yanzu kukar nan tawa ce, an hana ni. Ranar da na shiga don sun ce in shiga, ta zama tasu ke nan, sun sam mini. Iya ba aro ta ba ni ba.”

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce mata shekara da shekaru ina bin ofisoshi, wannan ne iyakar abin da zai samu, in ta ƙi shi babu wani. Ta ce ta sani, Allah ya saka mini da alheri. Na ɗauka magana ta ƙare ke nan. Can ta tambaye ni wace rana ɗaliban za su zo, ta ce in gaya wa yaron Mashi za mu zo.

Ranar ta sa tufafinta na zuwa suna, ta aika aka kira wasu tsofaffin mata biyu sa'o'inta, ta ce Murja ta ɗauko gora da buhu. Muka taka a hankali, don ba ta yarda a ɗauke ta a babur ba. Mun tarar motar makaranta ta riga mu, yara sun cika wurin da surutu. Jami'in ya fito da kansa ya buɗe ƙofa, ya rusuna ya ce, “Inna, sannu da zuwa, bismilla.” Ta amsa gaisuwarsa, ta sa masa albarka, ta wuce ƙofar ba ta shiga ba. Ta bi jikin shingen tana dafa waya har ta kai daidai inda kukar take. Shekarun da ba a sare ta ba sun sa ta yi tsawo ta baje, ganye ya yi duhu, ban taɓa ganinta da kyau haka ba.

Ta tsaya ta ce wa matan nan su zama shaida. Ta kama hannun Murja ta ɗora a kan wayar, tunda jikin bishiyar ya yi musu nisa. Ta ce, “Waccan ita ce kukar gidanmu. Uwar mijina ta ba ni, ni ma na ba ki, na yarda da ke duniya da lahira. Wanda ya ce na ga wani abu a halinki, ga waɗannan sun ji.” Murja ta durƙusa tana hawaye. Tsofaffin suka ce sun ji sun gani.

Sannan ta ce mata, “Yanzu taki ce. Tashi ki shiga, ga ƙofa can a buɗe.”

Murja ta ce, “Inna, ke fa?”

Ta ce, “Ni ba zan iya ba. Ke kina da yara, su san ɗanɗanonta.”

Murja ta ɗauki gora ta zaga ta ƙofa. Muna tsaye muna kallo ɗalibai suka kewaye ta, suka ɗaga wayoyi, jami'in yana yi musu bayani. Tana jawo reshe tana tsinka, kanta a ƙasa. Na san abin da nake gani, Yaya Hajo ta fi ni sani. Ta wanke yarinyar daga bakin mutane, amma abin da Murja ta shiga ta ɗebo izini ne ya ba ta, kuma wanda ya ba da izini yau yana iya hanawa gobe. Mallakar da ta sauko daga kakanninmu hannu da hannu a bakin wayar nan ta tsaya, tsohuwar kuma da saninta ta sake ta don ta tsirar da mutuncin matar ɗanta. Na ji baƙin ciki irin wanda ban ji ba tun ranar da muka kai shi makwancinsa.

To me ya rage na Yaya Lawal bayan shekara tara? Ganuwar da ya yi wa kuka tana nan, ba ta ƙara raguwa ba. Yaran da ba su taɓa ganinsa ba suna jin bayaninsa daga bakin wanda ya koyar. Garin da ba a san sunansa ba yanzu ana tambayar hanyarsa a tashar Daura. Duk wannan nasa ne, ba mai ƙwace masa. Amsar da ya ɗaga murya ya bayar a ƙofar mai gari ita ma tasa ce, ta gaskiya ce, kuma ita ta bar matarsa a waje. Ban iya raba ɗayan da ɗayan ba, na kuma daina ƙoƙari. Abin da kawai zan roƙi masu irin wannan aiki, a duk inda za su je a ƙasar nan, idan sun tambayi maza wa ke da ƙasa, su aika cikin gida a tambayi mata wa ke da itace. Allah ya gafarta wa yayana, ya sa abin da ya yi da kyakkyawar niyya ya zame masa haske.

Muna nan tsaye a jikin shingen, rana ta fara zafi, na ce mata ta zo mu koma inuwa ta ƙi. Sai na yi mata tambayar da ta daɗe tana cina. Na ce, “Yaya, da yana nan yau, ciki zai shiga ko nan zai tsaya?”

Ba ta juyo ba. Ta ce, “Ciki zai shiga mana, kai ma ka san shi, ga yara sun zo. Sai ya gama yi musu bayani ya fito ya same ni a nan.”